Ruwan Farko na Yaɗiya

Salamu alaikum 'yan klas. Ni ce Balkisa. Ban mutu ba, ban bar lakkwal ba, ban tsallaka Najeriya sayar da atamfa ba, dut wanda ya baza wanga labari Allah shi shirye shi. Jinya ce ta ɓoye ni. Babana ya kwanta fiye da wata guda, kuma mun dawo gida da shi da ranshi, alhamdulillahi. Ina rubutun ga ina murmushi ni kaɗai kamar wadda ta ci jarrabawar bak. Saƙonninku na gani ban amsa ba, ku yi haƙuri. Zan zuba muku labarin sau guda a nan, ku karanta ma iyayenku mata da kakanninku, don da su nike. In kun ga tsawo ku sha ruwa ku dawo.

Ga wanda bai san Baba ba, direban kamiyo ne, siminti shike ɗauka daga nan Malbaza shi kai inda anka tura shi. Shina da tansiyo, hawan jini ke nan, tun bara waccan. Likita ta ba shi ƙwaya, ya sha kwana kaɗan ya aje, wai tana sa shi fitsari, kuma mai babbar mota ba ya tsayawa kowane gari kamar ɗan kabu-kabu. Sai yayarshi, Gwaggo Hajo, wadda ke zaune gidanmu tun rasuwar mijinta, ta ce shi bar mata aikin. Gwaggo ita ce ministar ganye ta gidanmu. Da damina tafasa da lalo da gasaya, da kaka ta shanya su bisa rufi ta cika buhu, in daji ya bushe sai ta koma ma yaɗiya, don ita ce mai taurin rai, tana nan kore bisa shinge lokacin da ko akuya ta fidda rai.

Kun san yadda ake yi da yaɗiya. Ɗaci gare ta, donk sai an dafa an zubar da ruwan, a sake dafawa a zubar, a ɗauraye a matse, sannan a kwaɗa da ƙuli-ƙuli. To a gidanmu ruwan farko ba a zubar da shi, na Baba ne. Gwaggo na tace mishi kofi guda kowace safiya, in tahiya za shi yi ta cika mishi termos. Kuma ƙa'idarta ita ce ganyen magani ba a wanke shi kafin shi shiga tukunya, wai ƙarfin na bisa bayan ganyen tare da raɓa. Tun bara waccan shike sha lahiya lau, har shina yi ma abokanshi talla. Wanga shi ya rufe mana ido mu duka.

Abin ya fara bayan an gama ɗaurin gero, sanyin safe ya soma shigowa. Baba ya dawo daga tahiya ya zauna cin tuwo, sai na ga rigarshi ta manne mishi a baya. Mu muna neman mayafi, shi zufa. Shina magana miyau na taruwa mishi a baki, shi haɗiye, shi tofar, shi sake taruwa. Na ce, "Baba, miyar Mama ce ta yi daɗi haka?"

Ya ce, "Uwata, ki kiyaye ni." Haka shike kirana, don sunan mahaifiyarsu gare ni.

Munka yi dariya. Washegari sai amai da gudawa. Munka kai shi ƙaramar likita, layi tun daga ƙofa har gindin dogon yaro, rabi dut yara masu zazzaɓi. Da munka samu shiga majo, babban nas ɗin wurin, ya soki yatsanshi ya ce akwai palu kaɗan, zazzaɓin sauro ke nan. A wannan lokaci wa za a soka a rasa palu kaɗan? Anka yi mishi allura, anka ba mu ƙwayoyi. Gwaggo ta ce zazzaɓi na tada tansiyo, ta ƙara mishi kofi na biyu da marece.

Kwaɗon satin nan ko, ban taɓa cin irinshi ba. Ganye manya, kore shar, babu huda ko ɗaya. Mama ta ɗaga wani ta ce, "Yaya, ina kike samo wagga yaɗiya kamar ta lambu?"

Gwaggo ta ce, "Inda Allah ya aje ta. In na faɗa miki, gobe dut matan unguwa na can da kwanduna."

Haka masu ganye suke, kowa da wurinta, ko ɗiyarta ba ta faɗa ma. Munka ci munka lashe hannu, ba wanda ko cikinshi ya murɗa.

Sati na biyu Baba ya ce ya ji sauƙi, ya koma aiki da termos ɗinshi. Ranar da ya tahi, da la'asar, sai ga wani direba abokinshi ya kawo shi bayan wata mota. Ya ce ya tarar da kamiyon Baba a gefen hanya kafin Illela, Baba na zaune ƙasa jingine da taya. Wai da tsakar rana ya ga magariba ta yi, hanya ta duhunce mishi, ya kunna fitila bai ga bambanci ba, Allah ya taimake shi ya taka birki. Da anka kwantar da shi na ga naman cinyarshi na motsi shi kaɗai, kamar akwai ƙaramin kifi ƙarƙashin fata. Kumatunshi ma haka. Na duƙa na kalli idonshi, baƙin tsakiyar ya tsuke ya koma kamar ƙwayar gero. Na ce, "Baba kana ganina?" Ya ce, "Ina ganin wata mai surutu." Ya so mu yi dariya. Ba wanda ya yi.

Nan dangi sunka fara zuwa, kowa da digirinshi. Wani kawu ya ce ya taka wani abu a hanya, akwai wata kwana da ba a wuce ta ba addu'a. Wata ta ce wani ne ke son motarshi. Anka kawo rubutu, anka kawo hayaƙi har ɗakin ya koma kamar wurin gashin kifi, mutumen da lumfashi ke wahalar da shi. Wata tsohuwa ta ce man shanu da tafarnuwa a hanci. Na gode musu da zuwa, Allah shi ba da lada, amma gaskiya kowa sai ya jira abincin rana kafin shi tuna shina da wurin zuwa, kuma Mama ce a murhu.

Munka maida shi ƙaramar likita, ta riƙe shi kwana kaɗan da ƙarin ruwa. Gwaggo na gida da ƙannena, ni da Mama muna can. Ku ga ikon Allah, Baba ya warware. Miyau ya tsaya, ido ya buɗe, har shina faɗa da majo kan ƙwallo. Anka sallame mu, Mama ta yi sadakar masa. Gwaggo ta tarbe shi da kuka, ta ce kwana da kwanaki bai sha maganinshi ba, dubi yadda ya rame. Ta hita da sassafe ta dawo da kwando cike, ta dafa mishi mai kauri.

Bai ƙara kwana biyu a tsaye ba.

Wanga karon ƙirjinshi ne. In ya ja lumfashi sai ka ji kamar ana zuƙar ƙarshen fura da tsinke. Wuyanshi ya kasa riƙe kanshi, in an zaunar da shi sai kan shi faɗo gaba kamar na jinjiri. Majo ya dube shi sau guda ya ce wanga ya fi ƙarfin nan, ya rubuta mana takardar babbar likita. Akwai ambilas amma mu za mu zuba mata mai. Mama ta aika anka kama tunkiyarta anka kai ma mahauci, ko ciniki ba ta tsaya yi ba. Dut tsawon hanya ina riƙe da kan Baba bisa cinyata, ina share mishi baki da gefen hijabina, hijabin ya jiƙe har ya fara ɗiga.

Babbar likita, ku da ba ku taɓa zuwa ba Allah shi sa kar ku je. Layin tike na shiga daban, layin awo daban, layin farmasi daban, kuma kowane layi in ka kai gaba sai a ce ba nan ba ne. Mai gadi ya hana Gwaggo shiga da ƙunshinta sai da ta kira shi ɗanta sau uku. Amma lokotoron da munka samu, Allah shi yi mata albarka. Wata 'yar siririya ce mai tabarau, in kun gan ta kasuwa za ku ce 'yar klas ɗinmu ce. Ta haska idon Baba da fitilar tarho, ta saurari ƙirjinshi, ta daɗe tana kallon naman cinyar nan na rawa. Sai ta juyo.

"Manomi ne?"

Mama ta ce, "Direba ne."

"Ya ɗauki lodin maganin ƙwari? Ko an yi feshi a ɗakin da shike kwana?"

"Siminti kaɗai shike ɗauka. Feshi ko na sauro ba mu yi."

"Bayan maganin likita, akwai abin da kuke ba shi a gida?"

Na buɗe baki, Mama ta take mini ɗan yatsan ƙafa. Ta ce, "Babu, lokotoro."

Da munka hita waje ta ce, "Kina son ta wanke mu gaban mutane? Ka ce musu ganye, sai su yi ta faɗa kamar ka kashe mutum." Ni ma ban ja ba. Rubutu da hayaƙi nike shirin faɗi, ruwan yaɗiya ko a raina bai zo ba. A wurinmu shi ba magani ba ne ma, kamar shayin safe shike.

Lokotoro ta ce abin da take gani ya yi kama da antoksikasiyo. Kalmar nan ta zauna mini a kai har yau. Na ce mi ke nan da Hausa, ta ce guba. Ta sa anka fara yi mishi wata allura, atarofin, ana yi ana sakewa, ni ce mai gudu farmasi da ordonas, takardar sayen magani. Kafin marece ƙirjin ya yi shiru. Washegari bakinshi ya bushe har ya nemi shayi. Na hita bayan ɗakin na yi rawa ni kaɗai, wata mai shara ta tsaya tana kallona.

Gwaggo ta koma gida wurin yara, tana zuwa bayan kwana biyu-biyu da ƙunshinta. Baba shi yi sauƙi, shi yi sauƙi, sai kawai mu wayi gari ƙirjin ya dawo da kukanshi. Sau biyu haka. Na biyun sai da anka sa mishi oksijen, kuma kwalbar oksijen ɗin mutum uku ke jiranta. Lokotoro ta tara mu a bakin gado, ta cire tabarau. Ta ce, "Wani abu na shiga cikin mutumen ga, kuma ba daga hannuna ba. Daga yau ba abincin waje. In ya sake faɗuwa irin ta jiya, ban yi muku alkawarin zan iya tado shi ba."

Kun san mutanenmu. Kalmar guba na hita daga ɗakin nan ta riga mu isa Malbaza. Dangin Baba sunka canja gaisuwa. A zo a gaida kowa da suna, a zo kan Mama a ce "sannu" a wuce. Wata ta tambaye ni a asirce wa ke dama ma Baba kunu. Mama ta ji. Ta daina cin abinci, tana zaune ƙasa gefen gadon tana kallon ƙirjinshi na hawa na sauka.

Sati na huɗu, wata safiya, Gwaggo ta zo ta shiga wurin Mama, ta hito ta ja ni gefe. Ita ma ta rame. Ta ce in raka ta gida yanzu, akwai inda za mu. Munka shiga mota. Sai da munka sauka Malbaza munka bi hanyar gonaki a ƙasa, ta fara magana ba ta kallona.

Ta ce bana yaɗiya ta yi wuya, tsutsa ta cinye ta ko'ina. Wuri guda ta samu mai kyau, shingen gonar waken wani Ibro, can bayan fadama. Ranar farko ta ga sanda kafe a bakin gonar, an kifa kwalba bisa, an ɗaura jan ƙyalle. Uban Ibro, Allah shi jiƙan shi, an san shi da kafin gona, irin wanda in ɓarawo ya shiga cikinshi ke kumbura, kuma alamarshi ke nan, kwalba da jan ƙyalle.

"Na tsaya na ce ma abin, ni ba wake na zo ɗiba ba. Ganye ba shi da mai shi, Allah ya shuka. Tun kakanninmu ba a kiran mai ganye ɓarauniya. Na shiga da bisimilla." Ta share ido da bakin zane. "To ashe abin bai san wannan ba. Ya bi ganyen har gida ya kama ƙanena. Ni ma dut ranar da na je sai kaina ya sara, hannuna ya yi ta rawa. Su likita mi sunka sani? Guba, guba. Ga uwarki ana kallonta a banza."

Na ce, "Gwaggo, mi ya hana ki faɗa tun tuni?"

"In ce mi? In ce da tsufana na shiga gonar mutane an kama ni?"

Ta kwance bakin zane ta nuna mini goro da 'yan kunnenta na aure. Za ta roƙi Ibro shi karya abin. Ni kuma ta taho da ni don sunan Inna gare ni, wai ba a hana mai sunan uwa. Bon, ni 'yar siyans ce, kun sani, amma wallahi a hanyar nan ni ma na fara yarda da ita. Mutum in babanshi na kan oksijen ba abin da ba ya yarda da shi.

Munka iske Ibro shina tsinkar wake shi kaɗai, wani mai faɗin kafaɗa da hular saƙa. Gonarshi kore kamar damina ba ta wuce ba, dut na kewaye sun bushe. Ga sandar, ga kwalbar, ga jan ƙyallen. Gwaggo ta zube ƙasa tun daga nesa. Mutumen ya rikice ya zubar da kwandon.

"Subhanallahi, Inna, tashi. Lahiya?"

"Ɗana, na yi maka laifi. Yaɗiyar shingenka na ɗiba, ko ƙwayar wake ban taɓa ba, Allah shina gani. Ƙanena na kwance rai a hannun Allah. Ka dubi zumuncin da ke tsakanin ubanka da mijina ka karya abin ga."

"Wane abu?"

Ta nuna sandar ba ta kalle ta ba.

Ibro ya dubi sandar, ya dubi Gwaggo, ya dubi shingen. Na ga fuskarshi ta canja. Ya ce a hankali, "Inna, yaɗiyar nan kunka ci?"

Ya je ya zare kwalbar ya miƙo mini. Takardar jikinta ta koɗe da rana amma ana ganin hoton tsutsa, ana ganin ƙoƙon kan mutum da ƙasusuwa biyu. Warin da ya bugo ni, kun san warin piya-piya, to wanga ya fi shi. Ya ce bana tsutsa ta so ta gama da shi, ya sayo iri biyu a kasuwar bakin iyaka shina haɗawa, kowane sati sai ya fesa. Shingen ma shi ya fi zuba ma, don a cikin yaɗiyar ƙwarin ke ɓuya.

"Don mutane su gani na kafa kwalbar. Har jan ƙyalle na sa, ja ai haɗari ne."

Gwaggo ta ɗago. "Ubanka ma haka shike kafa tashi."

"Inna, ni ko layar wuya ban gada ba. Sandar ce kawai na tarar a nan."

Ni lokacin kaina ya riga ya gama lissafi. Mu ganyen da anka dafa anka zubar anka ɗauraye munka ci. Baba shi ke shan wankin. Dut abin da Ibro ya fesa, Gwaggo ta tattara shi a tukunya ba wanki ta tace mishi a kofi. Na ce, "Alhamdulillahi da shike likita, can ba ya sha."

Sai Gwaggo ta ce, "Na bar ma uwarki termos."

"Wane termos?"

"Wanda nike kai mishi. Lokotoro abinci ta hana, wanga ai ba abinci ba ne. Na ce ta ba shi in sun gama zagayen safe." Ashe dut zuwan da take yi da shi take zuwa, cikin ƙunshin zane, suna ba shi da cokali in an aike ni farmasi.

Na duba tarho, rezo sanda guda, tana zuwa tana tahiya. Na kira Mama, a kashe, na tuna tun jiya ba ta da sharji. Na haye amalanken Ibro na tsaya bisa buhunan wake na ɗaga hannu sama. Lambar lokotoro ban da ita. Sai na tuna da Hajiyar gadon kusa da namu, wata 'yar Konni mai jinyar mijinta, ni na gyara mata tarhonta ranar da munka zo har ta sa na aje lambarta. Kira na farko bai shiga ba. Na biyu ya shiga ya katse. Na uku ta ɗauka, ta fara gaisuwa, ina gajiya, ina mutanen gida.

Na ce, "Hajiya, Mama na kusa? Ki ce ta aje termos. Kar ta ba shi. Gubar na cikin termos."

Allah shi saka ma matar nan, ba ta tambaye ni komai ba. Na ji ta kwarma ma ɗakin gaba ɗaya, "Maman Balkisa, aje kofin nan." Na ji ƙarar wani abu ya faɗi ƙasa, na ji hayaniya, sai rezo ya ɗauke.

Na ɗauki hoton kwalbar gaba da baya na tura ma Hajiya ta kai ma lokotoro, ya yi ta juyawa bai tahi ba sai da munka kai bakin kwalta. Ibro ya bar wakenshi a ƙasa ya ɗauko mu mu biyu bisa moto har tasha, kwalbar na cikin leda a hannuna. Dut tsawon hanya ban san ko Baba ya sha ko bai sha ba. Gwaggo na gefena tana jan tasbaha, ba ta kai ƙarshe sai ta koma farko.

Ya sha. Cokali uku Mama ta ba shi, Allah ya sa rabi ya zubo ta gefen baki don ba ya iya haɗiya sosai. Da munka iso an ja labule a gadonshi, lokotoro da mutum biyu na kanshi, Mama na tsaye a waje riƙe da murfin termos. Lokotoro ta hito ta karɓi ledar ta karanta kwalbar, ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. Na jira wankin da Mama ke tsoro. Abin da ta ce kawai shi ne, "Da kun faɗa mini ranar farko." Ta koma ciki. Da ta zage mu ya fi mana sauƙi.

Kwanakin da sunka biyo ba zan iya jera muku su ba. Allura bisa allura har Baba ya fara sambatu, shina tuƙi a kan gado, shina canja giya da hannu, shina ce ma majo shi kauce zai yi baya. Lokotoro ta ce aikin allurar ne, kar mu ji tsoro. Mun ji. Direbobi abokanshi sunka haɗa abin da sunka haɗa sunka kawo, ba don su ba da ban san inda za mu sa kanmu ba da kuɗin oksijen. Dangin da sunka daina gaida Mama sunka dawo da "sannu da ƙoƙari, uwar gida", ba wanda ya ce ta yi haƙuri. Ibro ya zo dubiya da rabin buhun wake, buhun na nan a zauren gidanmu har yau, kowa ya wuce sai shi kalle shi shi ƙara sauri.

Ƙirjin ya washe, idon ya buɗe, bai sake faɗuwa ba. Amma da anka ce shi sauko daga gado sai ƙafafun sunka ƙi. Tafin na lilo, ba ya jin ƙasa sosai. Lokotoro ta ce irin gubar ga takan bi jijiya daga baya, wani shi dawo daidai, wani shi dawo rabi, sai dai a yi ta motsa su a jira. Baba ya ce, "Birki fa?" Ta ce shi fara da zuwa bayi tukun. Ta kuma rubuta mishi ƙwayar tansiyo, ta ce in fitsari ne shi tsaya kowane gari, ba wanda ya taɓa mutuwa da wannan.

Donk ga saƙona, ku kai gida. Ibro ya ce ba sawun mutum guda shike gani a bakin shingen nan ba, kuma ba shi kaɗai ke feshi bana ba. Ganyen da kunka gani kusa da wake ko lambu, kore shar ba huda a wanga lokaci, ku tambayi mai gonar kafin ku taɓa. A wanke ganye ko na magani ne. In wani naku na zufa cikin sanyi, miyau na zuba, baƙin idonshi ya tsuke, kar ku tsaya hayaƙi. Kuma in lokotoro ta ce mi kuke ba shi, ku faɗi dut, har ruwan da kuke ganin ba komai ba ne.

Mun dawo gida da Baba a kan kujera, mutum biyu sunka shigo da shi. Gwaggo ko tun ranar gonar ba ta sake zuwa likita ba. Ta shige ɗakinta ta saki labule, sai alwala ke hito da ita, ita ma sai ta leƙa ta ga ba kowa. Baba ya aika ni, ya aika Mama, ta ce a ce mishi tana barci. Abincin da anka aje mata a ƙofa kaji ke ci.

Yau da hantsi ina wanke-wanke sai Baba ya ce daga kan tabarma, "Uwata, miƙo mini taɓaryar can." Na zaci wani abu za shi kora. Ya dafa ta, ya dafa bango, ya miƙe. Na taso, ya ce in na taɓa shi sai ya saɓa mini. Tsakar gidanmu kun san ba wani faɗi gare ta ba, amma sai da inuwa ta matsa kafin shi ƙetare ta, shina jan ƙafa ɗaya shina jiran ɗayar, zufa na zuba, wanga karon ta gaskiya. Mama ta toshe baki da gyale. Ya kai ƙofar Gwaggo ya tsaya shina haki.

"Yaya."

Ya sake kira.

"Yaya, na san ba barci kike ba. Ƙafafun ga ba su da sauran mai. In ba ki hito ba nan zan zube, kuma ke za ki ɗaga ni, don na hana su."

Labulen ya motsa. Sai ga ta, ta rame kamar ita anka yi ma jinyar. Ta dube shi daga sama har ƙasa, shi da taɓaryarshi. Ta shiga ƙarƙashin hammatarshi ta tallabe shi, tana faɗa. "Kai tun kana yaro ba ka jin magana. Wa ya ce ka tashi? Da taɓaryar mutane kuma. Balkisa, kina tsaye kina danna tarho, kawo mishi kujera."

Na kai kujera biyu.